Makonni Takwas Tsakanin Gamji da Kufena: Sharhi Kan Shirin Jinyar Damuwa Ta Hanyar Tattaki

A ƙarshen watan Nuwamban da ya gabata na biya Naira 64,000 domin shiga wani shiri na makonni takwas da wani masanin halayyar ɗan Adam yake gudanarwa a nan Kaduna, wanda ba a zaman ofis a cikinsa, ba a kuma kwanciya a gadon asibiti. Ana haɗuwa ne kowace Asabar bayan sallar Asuba, a yi tattaki a bakin kogi ko a hau dutse, a kuma tattauna abin da ke cin zuciya a cikin tafiyar. Tun da na kammala, 'yan'uwa da abokan aiki suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma amsar ta fi ƙarfin a bayar da ita a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Shekaru uku da suka wuce masu garkuwa da mutane suka ɗauke yayana a hanyarsa ta dawowa daga gona, kuma ni dangi suka ɗora wa riƙe wayar da ake ciniki da ita har tsawon kwana 41. Allah Ya kuɓutar da shi, ya koma harkokinsa sannu a hankali, amma ni abin bai sake ni ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, barci ya ƙaurace wa idona, na daina zuwa ko'ina in ban da makarantar da nake koyarwa da masallacin unguwarmu a Kawo, kuma ganin doguwar ciyawa ko jin ƙarar babura masu yawa ya isa ya sa gumi ya keto mini. Na yi addu'a, an yi mini, har dai maiɗakina ta matsa na je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, inda likita ya saurare ni da kyau, ya ce ciwon damuwa ne haɗe da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, ya ɗora ni a kan magani. Maganin ya dawo mini da barci, amma bai fitar da ni daga ɗaki ba, kuma likitan ne da kansa ya ce in nemi abin da zai motsa jikina a cikin mutane.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali game da shirin shi ne ba su karɓi kuɗina ba sai da suka tantance ni. Na yi kusan awa guda a ɗan ƙaramin ofishin mai shirin, wanda muke kira Dakta duk da ya sha nanata mana cewa shi ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, aikinsa tattaunawa da gyaran ɗabi'a. Ya tambaye ni magungunan da nake sha, da ko ina da hawan jini ko asma ko ciwon suga, ya kuma tambaye ni kai tsaye, ba tare da kwana-kwana ba, ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zo mini. Ya nemi takarda daga likitana, ya gindaya mini sharaɗin kada in daina shan magani saboda na fara tattaki, ya kuma bayyana mini cewa duk wanda ciwonsa yake kan ganiya, kamar mai jin muryoyi ko wanda bai daɗe da barin ƙwaya ba jikinsa na rawa, asibiti suke mayar da shi tukuna. Mu bakwai ne a rukuninmu, dukkanmu maza, domin mata suna da nasu rukunin ranar Lahadi tare da mace mai jagorantarsu, tsarin da na tabbata in ba don shi ba da yawancinmu ba su buɗe baki ba. Tare da Dakta akwai ma'aikacin jinya ɗauke da akwatin agajin gaggawa, da kuma jagoran tafiya wanda ya yi kwas ɗin hawan dutse a tsaunukan Shere da ke kusa da Jos.

Daga bakin wannan jagoran na fara jin asalin wannan hanya, daga baya kuma na bi diddiginta da kaina. Wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn ne ya kafa makarantar Outward Bound a yankin Wales na Birtaniya a shekarar 1941, domin a koya wa matasan ma'aikatan jiragen ruwa juriya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma reshen wannan tunani ya iso mana tun 1951 da sunan Man O' War, wanda duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san igiyoyinsa da katangarsa. Bambancin shi ne can ana horar da lafiyayye ne domin ya ƙara tauri, a nan kuwa ana amfani da 'yar wahala ƙididdigagga domin marar lafiya ya sake amincewa da jikinsa da kuma mutane. Abin da ya fi burge ni ma shi ne fitar da jinyar ƙwaƙwalwa daga cikin katanga ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun da a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana suna kuma ci gaba da rayuwa a cikin jama'a.

Makonni biyar na farko duk a cikin gari muka yi su, a lambun Janar Hassan Usman Katsina da kowa ya fi sani da Gamji, da kuma gaɓar Kogin Kaduna da ke gefensa. Mukan taru kusa da tsohuwar gadar Lugard, wadda aka kwaso daga Zungeru aka kafa a wurin a 1954, kowa da gorar ruwansa da takalmin kambas, hazon hunturu ya lulluɓe ruwa, duwatsun tsakiyar kogi sun fito fili saboda rani, masunta suna tura kwale-kwale, masu noman rani suna ban-ruwa tun rana ba ta ɗaga ba. Ana fara tafiya ne a yi shiru na minti goma, wayar kowa a kashe a cikin jakar jagora, sannan a raba mu biyu-biyu, Dakta kuma yana bin kowane mutum ɗaya su jera na kamar kwatan awa, kafin a zauna a inuwa a kan tabarma a yi zance na gaba ɗaya, a sha kunu da ƙosai, a watse kafin ƙarfe goma.

A ganina, ƙashin bayan shirin duka yana cikin wannan jerawa ta kwata guda, kuma a nan ne kuɗina suka biya. Mu mutane ne da aka rena a kan kunya da kawaici, ba ma zuba wa wanda muke girmamawa ido, ba ma kuma kwance cikinmu a gaban wanda ya kafa mana ido da biro a hannu. Na zauna a ofisoshi an tambaye ni yadda nake ji, amsata ba ta wuce «Alhamdu lillahi, da sauƙi» ba. Amma idan kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, idon kowa yana kan hanya, shiru ba ya yin nauyi domin ƙafa tana aiki, kuma magana tana fitowa ne gutsure-gutsure kamar yadda take fitowa tsakanin manomi da maƙwabcinsa a hanyar gona. A mako na uku, muna bin wata siririyar hanya tsakanin gonakin kabeji, na faɗa wa Dakta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maiɗakina: cewa a dare na 26 da ɗauke yayana, bayan sun ƙara kuɗin fansa karo na uku, na ce musu ba mu da shi, su yi abin da za su yi, na kashe wayar har gari ya waye. Shekaru uku ina ɗauke da wannan dare a matsayin daren da na sallama ran ɗan'uwana. Dakta bai yi mini wa'azi ba, bai kuma yi saurin cewa ba komai ba. Ya tambaye ni awa nawa na yi barci a makon da abin ya faru, da wanda ya kunna wayar da asuba, sannan bayan mun ɗan ƙara tafiya ya ce, «Malam, wanda ya sallama ɗan'uwansa ba ya sake kunna waya.» Na yi kuka a wurin, kuma da yake tafiya muke yi, ba wanda ya tsaya kallona.

An koya mana wasu dabaru ƙanana masu amfani, kamar jan numfashi a hankali a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja shi, da kuma lissafa abubuwa biyar da ido ke gani, huɗu da kunne ke ji, uku da fata ke taɓawa, duk lokacin da saƙe-saƙe suka taso. A bakin kogi wannan lissafi yana da sauƙi, domin ga balbela, ga ƙarar injin ban-ruwa, ga sanyin dutse a tafin hannu, kuma wanda ya saba da shi a can yana iya ɗaukarsa zuwa aji ko cikin mota.

Sai dai a mako na huɗu aka yi kuskuren da ba zan rufe shi ba. An kawo wani atisaye na koyon amincewa da juna, inda ake ɗaure wa mutum ido da ƙyalle, abokinsa ya riƙe hannunsa ya bi da shi tsakanin itatuwa. A ƙasashen da aka tsara wannan atisaye wataƙila wasa ne mai ma'ana, amma a Kaduna ɗaure ido da jan mutum cikin itatuwa yana da ma'ana guda da kowa ya sani, kuma a cikinmu akwai wani matashi ɗalibi da shi kansa ya yi makonni a hannun 'yan bindiga. Ƙyallen yana taɓa fuskarsa ya sulale ƙasa, jikinsa na karkarwa, numfashinsa na sarƙewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne an tsayar da atisayen nan take, ma'aikacin jinya ya zauna da yaron har ya dawo hayyacinsa, Dakta ya ba shi haƙuri a gabanmu duka ba tare da neman uzuri ba, aka kuma cire atisayen daga shirin gaba ɗaya. Amma labarin yaron yana rubuce a takardar tantancewarsa tun ranar farko, saboda haka wannan abu ne da ya kamata a hango, kuma yana nuna haɗarin kwafo tsari daga littafin wata ƙasa ba tare da an auna shi da raunukan mutanen da ke gabanka ba.

Abin da ya sa ban fice daga shirin ba bayan wannan rana shi ne ƙa'idar da suka riƙe da gaske, wato ba a tilasta wa kowa komai. Kai ne za ka zaɓi iyakar da za ka kai, kuma cewa «a'a» ba ta jawo maka gori. Wannan ƙa'ida tana da nauyi a garin da a watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa, duk da sunan gyaran hali. Ko a Amurka, inda irin wannan jinya ta daji ta fi bunƙasa, ofishin binciken majalisar dokokin ƙasar ya fitar da rahoto a 2007 kan cin zarafi da mace-macen matasa a wasu sansanonin da iyaye ke tura 'ya'yansu da ƙarfi. Duk shirin da ya ce wahala kanta ce magani, ko ya yarda a kawo masa mutum ba da son ransa ba, a nisance shi ko da a inuwar wane irin itace yake zaune.

Akwai masu cewa shirin bai cika jinyar daji ba tun da ba a kwana a dajin, kuma na ji wani daga cikinmu ya yi wannan ƙorafi. Ban yarda da shi ba. Gandun dajin Kamuku yana yankin Birnin Gwari, dajin Afaka kuma nan ne aka kwashe ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021, saboda haka duk wanda zai kafa wa masu ciwon firgici tanti a dajin jihar nan bai san inda yake ba. Ga mutum irina, wanda ya yi shekaru bai taka ciyawar da ta wuce gwiwa ba, ratsa kyauron bakin kogi a tsakiyar gari ya isa jarrabawa.

Fita guda muka yi daga gari, a mako na shida, zuwa dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa a Zariya. Mun tashi da sassafe a bas guda, an sanar da mai unguwar wurin tun kafin zuwanmu, an ɗauki wasu samari biyu 'yan garin da suka san hanyar dutsen, aka kuma tsara mu dawo Kaduna kafin La'asar. Ban yi nisa da hawa ba zuciyata ta fara bugawa da ƙarfi, numfashi ya yi gajere, tafin hannuna ya jiƙe, wato dai dukkan alamomin da na saba ji idan waya ta yi ƙara, sai na tsaya na ce zan koma. Dakta bai hana ni ba, ya dai ce in zauna a kan dutse in ɗora yatsa a wuyan hannuna in ƙirga bugun na minti guda, in huta, in sake ƙirgawa. Na farko ya haura 130, bayan minti biyar ya sauko ƙasa da 100, ba tare da wani abu ya same ni ba. Ya bayyana mini cewa jikin mai firgici yakan ɗauki saurin bugun zuciya a matsayin shelar cewa masifa ta iso, sai tsoron ya ƙara saurin bugun, saurin bugun ya ƙara tsoron, kuma hawan dutse yana ba mutum damar ya ji wannan bugu a inda ya san dalilinsa, ya kuma ga saukarsa da idonsa. Wani dattijo tsohon soja da muke kira Baba, wanda bai cika magana ba a duk makonnin, ya dawo baya ya zauna kusa da ni ya ce, «Malam, ni ma gwiwata ta gaji, mu tafi tare a hankali.» Tare muka kai sama, muka tarar da sauran suna kallon Zariya a shimfiɗe cikin hazo, kuma a can ne Baba ya fara ba mu labarin abokan aikinsa da bai dawo da su daga fagen daga ba.

Na karanta kaɗan daga binciken da ake kafa hujja da shi. A 1984 Roger Ulrich ya nuna cewa marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Amurka, waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa, sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, sun kuma buƙaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi ƙasa da su. A 2019 wani bincike a kan mutane kusan 20,000 a Ingila ya gano cewa masu yin aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi bayar da rahoton lafiya da kwanciyar hankali, kodayake alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Duk wannan yana goyon bayan tattaki a matsayin mataimaki, amma babu inda ya ce ya maye gurbin likita, shi ya sa sanarwar da masu shirin ke yaɗawa a WhatsApp, mai cewa «waraka ba tare da ƙwaya ba», ta ɓata mini rai ƙwarai. Ta saɓa wa sharaɗin da Dakta ya gindaya mini da bakinsa, kuma a cikin al'ummar da dama take ƙyamar maganin ƙwaƙwalwa, irin wannan jumla tana iya sa wani ya watsar da maganinsa dare ɗaya, abin da ke iya dawo da ciwon da ƙarfi. Na faɗa musu haka, sun ce za su gyara.

Batun sirri ma yana buƙatar ƙarin tunani, domin fili ba shi da ƙofa. Wata Asabar mahaifin wani ɗalibina ya ci karo da mu muna zaune a tabarma, ya zo gaisawa yana tambayar wace ƙungiya ce, na rasa abin faɗa har sai da jagora ya ce masu motsa jiki ne. Ya kamata a shirya wa kowa wannan amsa tun ranar farko. Takardun yarjejeniya da Turanci kaɗai aka rubuta su, har sai da na fassara wa mutum biyu. Kuɗin kuma, ko da yake sun haɗa da mota zuwa Zariya da abin karin kumallo, sun kusa kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ga shi ana biya gaba ɗaya, alhali waɗanda garkuwa da mutane ta fi raunatawa su ne waɗanda suka sayar da gona da shanu suka biya fansa. Sannan shirin yana yankewa ne kwatsam a mako na takwas, babu wani zama na bibiya bayan wata guda. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, marar lafiya yana da haƙƙin a yi masa bayani a kuma nemi yardarsa, saboda haka duk mai son shiga irin wannan shiri kada ya ji kunyar tambayar takardun karatun mai gudanar da shi, da wanda zai ɗauki alhaki idan wani ya faɗi a kan dutse.

Ina ba da shawarar shirin ga wanda ya riga ya ga likita, ciwonsa ya ɗan lafa, amma har yanzu ɗaki ya riƙe shi, da kuma wanda bakinsa ke nauyi a ofis. Mai asma ya guji zagayen hunturu saboda ƙura, kuma zafin Maris da Afrilu ba na hawan Kufena ba ne. Ni dai har yanzu ina shan maganina, gabana kuma yana faɗuwa idan baƙuwar lamba ta kira, sai dai yanzu ina ɗauka. Mu huɗu daga rukunin, har da Baba da ɗalibin nan, muna ci gaba da haɗuwa a Gamji kowace Asabar da kuɗin motarmu. Makonni biyu da suka wuce, muna dawowa daga sallar Isha'i a ƙafa, na ba yayana labarin dare na 26, na kuma ce masa zan biya masa kuɗin zagaye na gaba idan yana so. Yaya bai ce e ba tukuna, ya dai tambaye ni ƙarfe nawa ake haɗuwa.